Tambaya da Amsa: Na sauya wurin aiki a Birtaniya, haraji ya zaftare mini albashi

Yawancin wasiƙun da suka zo mana a wannan wata daga ’yan uwa mazauna Birtaniya suke, kuma kusan kukansu ɗaya ne: mutum ya bar wani aiki ya kama sabo, albashin farko ya shigo, sai ya ga an yanke masa harajin da bai saba gani ba. Mun tattaro tambayoyin wuri guda. Alƙaluman da muka yi aiki da su na Ingila da Wales da Ireland ta Arewa ne, domin Sikotland tana da nata matakan haraji.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma’aikaciyar jinya ce a Mancesta. Na bar gidan kula da tsofaffi a watan Yuli na koma wani asibiti. Albashina fam 2,400 ne a wata, kusan daidai da na da. A tsohon wurin ana cire mini harajin kimanin fam 270, amma a nan wata uku ke nan ana cire fam 480. A takardar albashina an rubuta BR a inda a da nake ganin 1257L. Na je ofishin biyan albashi sun ce ba ruwansu. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikis salam, Malama. Ofishin biyan albashi ba su yi miki ƙarya ba, ko da yake sun gajarce miki bayani. Doka ba ta ba mai ɗaukar aiki ikon sauya lambar harajin ma’aikaci don ma’aikacin ya roƙa ba. Hukumar tara haraji ta ƙasar, wato HMRC, ita ke ba da lambar, su kuwa nasu aiki da ita. Saboda haka ko kin yi sawu goma a ofishinsu, amsar ɗaya za ki samu.

Ga abin da lambar take nufi. A Birtaniya akwai wani kaso na kuɗin shigar mutum da ba a taɓa shi da haraji, fam 12,570 a shekara, kuma adadin bai motsa ba tun watan Afrilun 2021. Idan aka yar da sifilin ƙarshe sai a sami 1257, harafin L kuma yana nuna mai lambar ya cancanci wannan rangwame na kowa da kowa. Ana rarraba shi a kan wata 12, sai ya kama kimanin fam 1,048 a wata, ko fam 242 a mako ga mai karɓar albashin mako-mako. A tsohon wurinki ana ware fam 1,048 daga cikin fam 2,400, saura 1,352, a ɗauki kashi 20 cikin ɗari, shi ne fam 270 ɗin da kika saba gani. Ita kuwa BR ma’anarta a cire kashi 20 daga kan fam na farko, babu rangwame ko kaɗan. Kashi 20 na 2,400 shi ne 480. Ke nan ana cire miki rarar kusan fam 210 kowane wata, wata uku ya kama fam 630 ko kusa da haka.

BR lamba ce ta aiki na biyu. Ana ba da ita ne idan an ɗauka cewa mutum yana cin rangwamensa a wani wurin aikin. Tambayar da za ki bi ke nan: me ya sa aka ɗauka kina da aiki biyu? Hanyoyin da hakan ke faruwa sanannu ne. Ko dai ba ki miƙa takardar P45, wadda tsohon wurin aiki ke ba mutum idan ya bari, a kan lokaci ba, sai aka ba ki fom ɗin sababbin ma’aikata kika zaɓi bayani na C a cikinsa, wato na mai wani aikin a gefe. Ko kuma tsohon wurinki bai sanar da HMRC ranar da kika bari ba. Wannan ya yi yawa a gidajen kula da tsofaffi da kamfanonin da ke haya da ma’aikata, domin sukan bar sunan mutum a jerin masu zuwa aikin cike gurbi ko da ya yi sallama, sai kwamfutar hukumar ta ci gaba da ajiye 1257L a wurin da ba ya biyan ki ko sisi. Hanya ta uku ba ta cika faruwa ba: sabon wurin ya sauya lambar ma’aikaciyar da ya ba ki a tsarinsa ba tare da ya nuna sauyi ba ne, sai hukumar ta ga kamar mutum ɗaya yana aiki biyu a asibiti ɗaya.

Gyaran yana farawa ne da duba abin da HMRC ta rubuta a kanki. Ki shiga shafin GOV.UK ki buɗe asusun harajinki, ko ki sauke manhajar HMRC a waya. Za a nemi lambarki ta inshorar ƙasa, wadda aka fi sani da NI, sannan a tabbatar ke ce ta hanyar wasu takardu, kamar bayanan takardar albashi ta kwanan nan ko P60, takardar jimillar albashi da harajin shekara. Idan kin shiga, ki nemi sashen harajin shekarar da ake ciki. A nan za ki ga jerin wuraren da hukumar ta ɗauka kina aiki, kowanne da lambar harajinsa da ƙiyasin abin da za ki samu a shekara. Idan gidan tsofaffin yana nan a matsayin aiki mai ci, akwai inda za ki sanar cewa kin bari, ki sa ranar. Sannan ki duba ƙiyasin albashin asibitin. Idan an rubuta adadin da ba shi ba ne, ki gyara, domin da wannan ƙiyasin ake gina lambar.

Idan shiga ta intanet ya gagara, abin da kan faru da waɗanda ba su daɗe a ƙasar ba, sai ki buga wa layin harajin albashi, 0300 200 3300, daga Litinin zuwa Juma’a. Ki kira da sassafe, da an buɗe ƙarfe 8, kafin layi ya yi tsawo. Kafin ki buga ki ajiye waɗannan a gabanki: lambar NI, P45 idan kina da ita, takardun albashin wata ukun, ranar da kika bar tsohon aiki da ranar da kika fara sabo, da lambar PAYE ta asibitin, wato lambar da HMRC ta san shi da ita a matsayin mai biyan albashi. Ita wannan lamba tana farawa da alƙaluma uku, sai karan tsaye a karkace, sai haruffa da alƙaluma, kuma galibi tana jikin takardar albashi. Ki rubuta ranar kiran da sunan wanda ya amsa miki.

Daga nan hukumar za ta aiko miki da sanarwar sabuwar lamba, takardar da ake kira P2, ta kuma aika wa asibitin tasu sanarwar, P6. Ta ce tana yin hakan cikin kwanakin aiki 15. Mai albashin wata yakan ga sauyin a albashi na gaba ko na bayansa, domin ofisoshin biyan albashi suna rufe lissafin wata tun kwanaki kafin ranar biya. Idan sanarwar ta iso bayan sun rufe, sai wata mai zuwa. A wannan gaɓar komawa ofishin nasu yana da amfani: ki tambaye su ko P6 ta iso, da kuma ranar da suke rufe lissafi.

Fam 630 ɗinki ba su ɓata ba. Idan sabuwar lambar ta zo a matsayin 1257L tsurarta, kwamfutar biyan albashi za ta sake lissafin shekarar tun daga 6 ga Afrilu, ta haɗa abin da kika samu a wuraren biyu da harajin da kika biya, ta mayar miki da rarar a cikin albashi. Za ki ga harajin wannan watan ya ragu ƙwarai, ko ma ki ga alamar ragi a gaban adadin, alamar kuɗi aka mayar. Amma ki duba wutsiyar lambar da kyau. Idan an rubuta 1257L M1, ko W1, ko X, to an tsayar da yankan da ya wuce kima daga yanzu ne kawai, ba a waiwayi na baya ba. A nan sai ki sake kira ki ce a ba ki lambar da ke lissafin shekara gaba ɗaya, a kuma aika wa asibitin jimillar albashi da harajin tsohon wurinki.

Kada ki sa ran kuɗin NI da aka cire za su dawo tare da wannan. Lissafinsa daban yake, lambar haraji ba ta shafe shi ba.

Tambaya: Zan fara sabon aiki a Landan mako mai zuwa, tsohon kamfanina kuma ya ce P45 ba za ta fito ba sai bayan albashin ƙarshe. An turo mini fom mai zaɓi A da B da C. Wanne zan ɗauka? Wani aboki ya ce in zaɓi A don ita ce ba a cire haraji da yawa.

Amsa: Malam, abokinka yana son ka, amma shawararsa bashi za ta ja maka. Fom ɗin shi ne ake kira starter checklist, wanda ya maye gurbin tsohuwar P46, kuma kowane zaɓi da lambar da yake haifarwa.

A na wanda wannan ne aikinsa na farko tun daga 6 ga Afrilun da ya wuce, kuma bai karɓi tallafin gwamnati mai haraji ba, irin na masu neman aiki. Shi za a ba shi 1257L mai lissafin shekara. B na wanda ya yi wani aiki tun 6 ga Afrilu amma ya bar shi, kuma P45 ba ta hannunsa. Shi za a ba shi 1257L mai wutsiyar M1 ko W1, wato kowane wata a lissafa shi shi kaɗai har hukumar ta daidaita. C na wanda yake da wani aikin a gefe ko yake karɓar fansho, shi ne mai BR. Wanda bai cike fom ɗin ba sam, kuma bai kawo P45 ba, 0T za a ɗora masa, lambar da ba ta ba da rangwame ko kaɗan.

Kai B ce taka. Idan ka zaɓi A, kwamfutar sabon kamfanin za ta ɗauka ba ka sami ko kwabo ba tun Afrilu, ta tara maka rangwamen duk watannin da suka wuce, alhali ka riga ka cinye shi a tsohon wurin. Albashin wata ɗaya ko biyu zai zo da ƙiba, daga baya hukumar ta gano ta bi ka bashi. Kuskuren da ya fi yawa kuwa shi ne na masu zaɓar C don tsohon wurin bai gama biyan su albashin ƙarshe ba, suna ganin kamar har yanzu suna da wani aikin. Idan ka riga ka bari kafin ranar fara sabon, B ce.

Da P45 ta zo, ka miƙa sashe na 2 da na 3 ga sabon kamfanin, ka riƙe sashe na 1A a wurinka. Ko ta zo a makare ka kai, domin a jikinta aka rubuta jimillar albashinka da harajinka na shekarar zuwa ranar da ka bari. Sai dai idan HMRC ta riga ta aiko musu da lamba, tata za su bi. Ka kuma adana naka sashen da kyau, don ba a sake buga P45 idan ta ɓata. HMRC da kanta tana cewa sabon ma’aikaci ya jira kwana 35 da fara aiki kafin ya neme ta a kan lamba, saboda bayanan sabon wurin su isa gare ta. Sau da yawa a cikin wannan lokacin wutsiyar M1 kan faɗi da kanta.

Tambaya: Na iso Birtaniya a ƙarshen Satumba, na fara aikin kula da marasa lafiya a Oktoba, shi ne aikina na farko a ƙasar. Lambata 1257L M1 ce, ana cire mini fam 270 daga fam 2,400. Abokan aikina sun ce lambar daidai take tunda 1257L ce. Haka ne?

Amsa: ’Yar uwa, alƙaluman daidai suke, wutsiyar ce ke cin kuɗinki, kuma abin da take ci ya fi na mai tambaya ta farko.

Shekarar haraji a can tana farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilun shekara mai zuwa. Watanninta ma daga 6 ga wata ne zuwa 5 ga na gaba, don haka albashin ƙarshen Oktoba ya faɗa a wata na 7. Wanda ya zama mazaunin ƙasar a tsakiyar shekara yana da rangwamen fam 12,570 cikakke, ba a rage masa don ya zo a makare. Da lambarki ba ta da wutsiya, a Oktoba kina da rangwamen wata bakwai a tare, fam 7,336, ga albashi fam 2,400, babu haraji. A Nuwamba rangwame ya kai 8,384, albashin da kika tara 4,800. Disamba 9,432 da 7,200. Janairu 10,480 da 9,600. Sai a Fabrairu albashin zai fara haura rangwamen, a cire miki kimanin fam 94. Zuwa ƙarshen Maris kin sami fam 14,400, harajin shekarar duka bai wuce fam 365 ba ko kusa da haka. A ƙarƙashin M1 kuwa fam 270 sau shida za a cire, fam 1,620. Bambancin ya haura fam 1,250.

Mai yiwuwa B kika zaɓa a fom ɗin sababbin ma’aikata, kina lissafa aikin da kika yi a gida kafin ki taso, ko kuma wani ya cike miki. Ki kira hukumar ki shaida musu ranar da kika shigo ƙasar, da cewa ba ki yi wani aiki a Birtaniya ba a wannan shekarar haraji, ki roƙi a cire M1. Idan lambar NI ɗinki ba ta fito ba lokacin da kika fara aiki, ki kai wa ofishin biyan albashi da zarar ta zo, ki kuma tabbatar sunanki da ranar haihuwarki a wurinsu sun yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Sunayenmu sukan sha wahala a nan: Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, ko a juya sunan mahaifi ya zama na farko. Idan bayanan ba su haɗu ba, albashin mutum yakan kasa manne wa asusunsa a kwamfutar hukumar.

Abu ɗaya za ki shirya masa. Daga 6 ga Afrilu mai zuwa za a koma cire fam 270 kowane wata, kuma a lokacin daidai ne.

Tambaya: Na bar aiki, an ba ni P45, bayan wata guda tsohon kamfanin ya biya ni kuɗin hutun da ban ci ba. A takardar an sa 0T M1 an cire haraji mai yawa. Sun cuce ni ne?

Amsa: Ba su cuce ka ba, Malam, ƙa’ida suka bi. Duk kuɗin da aka biya bayan P45 ta fita, da 0T ake yanke masa haraji, domin ana ɗauka rangwamenka ya bi ka sabon wuri. 0T ba ta ba da rangwame, kuma ta bambanta da BR a wuri ɗaya: tana hawa mataki. Kimanin fam 3,142 na farko a wata kashi 20 ne, abin da ya haura kashi 40. A kan fam 4,000, BR za ta ɗauki fam 800, 0T kuwa kusan fam 971. Ka ajiye takardar biyan, don ba za a sake ba ka wata P45 ba. Idan an cire fiye da kima, zai fito a lissafin ƙarshen shekara.

Tambaya: Nawa akasin na mutane ne. Ina aiki a wani kamfanin tsaro, na ƙara da aikin dare a wani kanti, kuma duka takardun albashin biyu 1257L suke nunawa. Ba a cire mini kusan komai a na biyun. In yi shiru?

Amsa: Shirun ba zai ɓoye komai ba, Alhaji. Tun 2013 kowane mai ɗaukar aiki yana aika wa HMRC bayanin albashi duk lokacin da ya biya, don haka alƙaluman wuraren biyu suna gabanta. Rangwamen ɗaya ne ga mutum ɗaya, ko aiki nawa yake yi. Idan albashin kowanne daga cikin ayyukan biyu ya kai fam 1,048 a wata, kana tara bashin kusan fam 210 duk wata, a shekara fam 2,514. Idan na kantin bai kai haka ba, bashin kashi 20 ne na duk abin da kake samu a can, matuƙar aikin tsaron ya riga ya cinye rangwamen.

Bayan shekara ta ƙare za a aiko maka da lissafi a takardar P800. Bashin da bai kai fam 3,000 ba galibi ta cikin lambar haraji ake karɓarsa a shekara mai zuwa. Misali bashin fam 600: za a rage rangwamenka da fam 3,000, lambarka ta koma 957L, ka riƙa biyan ƙarin fam 50 kowane wata har wata 12. Wanda ya haura fam 3,000 kuwa wasiƙar neman biya kai tsaye za ta zo, da wa’adinta. Gara ka kira yanzu a mayar da aikin kantin BR, bashin ya tsaya inda ya kai.

Akwai ƙaramin nau’in wannan da ke kama masu sauya aiki ba da saninsu ba. Tsohon wuri ya biya albashin ƙarshe ranar 10 ga wata, sabon wuri ya biya na farko ranar 28, duka a watan haraji ɗaya, kowanne ya ba da rangwamen fam 1,048. Sai a wayi gari da bashin fam 200 da ’yan kai, mutum yana rantsuwa bai taɓa yin aiki biyu ba. Gaskiya ya faɗa, amma bashin ma gaskiya ne.

Idan kuwa bashi ya taru saboda hukumar ta sami bayani ta yi jinkirin aiki da shi, akwai sassaucin da ake kira ESC A19, wanda a ƙarƙashinsa takan yafe. Sharuɗɗansa masu tsauri ne, ciki har da cewa mutum yana da dalilin ɗauka harajinsa daidai yake. Kai da ka riga ka lura, wannan ƙofar ba taka ba ce. Mai ƙaramin ƙarfi da irin wannan bashi ya rutsa da shi zai iya neman shawara kyauta a ƙungiyar TaxAid ko ofishin Citizens Advice.

Tambaya: Ni ɗaliba ce, ina ƙananan ayyuka biyu. Na farko yana ba ni kimanin fam 9,000 a shekara da lambar 1257L, na biyu fam 5,000 da BR. An ce mini haka tsarin yake.

Amsa: Haka tsarin yake farawa, amma ba dole ya tsaya a haka ba. Jimillar abin da kike samu fam 14,000 ne. A cire 12,570, saura 1,430, harajinsa fam 286. BR kuwa tana karɓar fam 1,000 a aiki na biyu, yayin da rangwamen fam 3,570 yake zaune a na farko ba a amfani da shi. Ki nemi HMRC ta raba rangwamen, fam 9,000 a na farko, sauran a na biyu. Sai dai idan awanninki suna hawa da sauka, kamar yadda na ɗalibai ke yi lokacin hutu, rabon kan iya jawo ɗan bashi, don haka ki sa ƙiyasin aikin farko ya ɗan haura abin da kike tsammani.

Tambaya: Sai yanzu na gane cewa a shekarar 2022 da na sauya aiki an yi wata biyar ana cire mini da BR. Lokaci ya ƙure? Kuma an turo mini saƙon tes cewa HMRC tana riƙe da kuɗina, in latsa wani wuri in sa lambar asusun banki.

Amsa: Kada ka latsa, Malam. HMRC ba ta neman bayanan banki ta saƙon tes ko imel. Ka tura saƙon zuwa 60599, idan imel ne zuwa phishing@hmrc.gov.uk, sannan ka goge.

Lokaci kuwa ya danganta da shekarar harajin da abin ya faɗa ciki. Ana iya neman rarar haraji har shekara huɗu bayan ƙarewar shekarar da abin ya faru. Shekarar 2022 zuwa 2023 ta ƙare ranar 5 ga Afrilun 2023, wa’adinta 5 ga Afrilun 2027. Amma ka fara dubawa ko an riga an mayar maka. Idan an gyara lambar a cikin shekarar, mai yiwuwa kuɗin sun dawo a albashi ba ka lura ba. Idan ba a gyara ba, hukumar takan yi lissafin kowace shekara da kanta, ta fara aika P800 daga watan Yuni, kuma da yawa sukan tafi tsohon adireshi saboda mutum ya tashi bai sanar ba. Ka shiga asusunka na haraji ka buɗe wannan shekarar, ka gwada da P60 ɗinka, takardar da mai ɗaukar aiki ke bayarwa kafin ƙarshen Mayu mai nuna jimillar albashi da harajin shekara. Tun 2024 hukumar ta daina aika cek kai tsaye ga mafi yawan masu rara, sai mutum ya nema. Wanda ya nema ta intanet kuɗin kan shiga asusunsa cikin kwanakin aiki biyar, cek kuwa yakan kai mako shida.

Kamfanonin da ke talla a Facebook cewa za su karɓo maka kuɗin haraji, wasunsu halastattu ne, amma kaso mai tsoka suke yanka a kan aikin da za ka yi da wayarka kyauta cikin minti goma sha biyar. Wanda kuma zai tattara ya koma gida a tsakiyar shekarar haraji, fom ɗin P85 zai cike ya haɗa da bayanan P45, domin galibi akwai rarar da ke jiran sa.

Tambaya: Na bar kamfanin da ya ba ni mota, na koma wani aiki a Gilasgo babu mota. Lambata ta zama tana farawa da SK. Mene ne wannan?

Amsa: Haruffa biyu ne, kowanne da labarinsa. S na nuna kana biyan haraji a tsarin Sikotland, kuma ana duba inda kake zaune ne, ba inda ofishinka yake ba. Idan ka tare a Gilasgo, S daidai take, kuma matakan can sun fi yawa, daga kashi 19 suke farawa, matakin da yake kashi 40 a Ingila kuma kashi 42 ne a can. Idan iyalinka da gidanka suna Ingila kana zuwa aiki ne kawai, ka duba adireshin da hukumar take da shi.

K kuwa tana nufin abubuwan da aka zaftare daga rangwamenka sun fi rangwamen kansa, sai aka mayar da bambancin kamar ƙarin albashi ana yanka masa haraji. Motar kamfani da inshorar lafiyar da kamfani ke biya ana ɗaukar su a matsayin kuɗin shiga, kuma sukan maƙale a lambar mutum bayan ya bar wurin. Ka buɗe takardar P2 ko asusunka na intanet, za ka ga layi-layi abin da aka ƙara da abin da aka cire. Idan motar tana nan, ka sa ranar da ka mayar da ita. Za a bar maka kason watannin da ka yi amfani da ita a wannan shekarar, a cire sauran. Kafin gyaran ya iso, doka ta hana a cire fiye da rabin albashinka na wata a matsayin haraji, ko me lambar ta ce. Idan bayan an cire motar har yanzu akwai K, ka nemi layin da ke nuna bashin wata shekara da ta wuce, ka tambaye su wace shekara ce da yadda aka lissafa shi.